Kumatun Waliyyi

Can a duwatsun Jojiya,
inda hanyar mota ke ƙarewa, ƙafa ta karɓi aiki,
akwai majami'ar da aka sassaƙa a cikin dutse.
Tsoho Otar ke riƙe da mabuɗinta,
ƙarfe mai nauyin guduma,
shekara arba'in da ɗaya yana rataye a ƙugunsa.

Ya ce, "Lamara, matso ki gani,
waliyyinmu ya fara jin kunya.
A da fuskarsa fara ce sol kamar cukun tumaki,
bana kumatunsa sun yi jaja-jaja
kamar yaron da aka kama da satar inabi."

Na ɗaga fitila.
Shekara ɗari takwas ke nan da wani hannu
ya kwaɓa ƙasa da gwaiduwar ƙwai,
ya niƙa shuɗin dutse,
ya zana mutum riƙe da littafi.
Littafin ya zube tuntuni.
Saura yatsu uku, da ido ɗaya da rabi.

Na shafa auduga a kan kuncin, a hankali,
na rufe a kwalba, na kai birni.
Ƙarƙashin madubi sai ga gari guda:
masu cin gishiri sun kafa unguwarsu
daidai inda danshi ke tsattsafowa,
su ne masu launin hodar nan.
Fumfuna ta miƙa zare cikin gemu
tana lasar ƙwan da kaza ta saka
tun kafin a haifi kakan kakan Otar.
Kusa da taga, inda rana ke leƙowa da hantsi,
koraye sun yi gona.
Wasu ba sa noma, ba sa farauta,
gawar maƙwabci suke jira.
Wani na zubar da tsami, wani na sha,
faɗuwar wani tashin wani.

Ba su san waliyyi ba.
Ido a wurinsu kwari ne mai laima,
gira kuwa tudu,
hayaƙin kyandir na shekaru taki ne.

Na tuna sanda muka yi wa wani bango feshi.
Jajayen suka mutu, muka tafa,
bayan damina biyu baƙaƙe suka sauka
a kan gawarwakin, suka ci suka ƙoshi,
suka bar mala'ika da fuskar gawayi.
Tun ranar na daina gaggawa.

Na koma wurin tsoho da takarda a hannu.
Na ce, "Ba kunya ba ce, baba, baƙi ne.
Rufi ke yoyo ta gabas.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
A toshe, a rage kyandir,
a shigo da mutum biyar-biyar,
don numfashinmu ma ruwa ne gare su."

Ya yi shiru, yana juya mabuɗi.
Ya ce, "Su nawa ne?"
Na ce sun fi mutanen ƙasar nan, a faɗin farce ɗaya.
Ya yi dariya har da tari.
"Matasa sun gudu birni,
ranar Lahadi mu huɗu ne, da ni da tsofaffi uku,
ina ta kukan gidan nan ya zama kango,
ashe cike yake maƙil."

Ya kashe kyandir ɗin da ya kunna,
ya murje lagwanin da yatsa.
Na tsaya gaban ido ɗaya da rabi
ina riƙe numfashi iya ƙarfina,
har ƙirji ya ƙi,
na sake shi,
na ciyar da su.